Shawara ga masu koyar da darasin Beiying

Salam malamai, duk wanda zai koyar da Beiying, rubutun nan na 1925 da marubucin ƙasar Sin Zhu Ziqing ya yi a kan babansa, don Allah kar ya fara da tarihin marubuci, yara barci suke. Ni kai tsaye nake kai su inda labarin ya zo tashar jirgin ƙasa ta Pukou a ƙasar Sin, inda uban, da ya rako ɗansa zai yi tafiya, ga ƙiba ga rigar sanyi, ya tsallaka layin dogo yana fama da hawa dakali don kawai ya sayo wa ɗan lemon zaƙi, alhali shi uban ya rasa aikinsa, mahaifiyarsa ma ta rasu. A nan za ku daɗe. Ku sa su ja layi ƙarƙashin kowane motsinsa, hannu, ƙafa, yadda ya karkata. Sannan kowa ya rubuta abu ɗaya da babansa ya yi masa bai ce uffan ba. Wallahi ajina tsit ya yi.