Yadda za a auna ingancin kundin digirin digirgir ta hanyar haɗa alƙaluma da hira

Wanda ya taɓa halartar zaman kare kundi a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ya san yadda ake miƙewa tsaye a saurari hukuncin juri, wato kwamitin malaman da ke yanke hukunci kan kundin, ƴan uwa su yi guɗa. Sai dai kalmomi biyu ko uku na wannan hukunci ba za su bayyana ingancin aikin shekara uku ko fiye da tsarin LMD (digirin farko, na biyu da na digirgir) ya tanada ba. Mai son auna shi da gaske yana bukatar alƙaluma da kuma bakin mutanen da suka yi aikin.

A fara da zaɓo kundaye daga tsangaya ɗaya, misali guda 40 na shekaru biyar, ta hanyar ƙuri'a, domin kada son rai ya shiga. Daga nan a tsara ma'auni mai maki 1 zuwa 5 a kan fayyace matsalar bincike, bitar ayyukan magabata, dacewar hanyar bincike, ƙarfin hujja da sabon abin da aka ƙara wa ilimi. A rufe sunan ɗalibi da na malamin da ya duba shi, sannan mutum biyu su ba da maki kowa shi kaɗai. Ana gwada daidaituwarsu da lissafin kappa da Jacob Cohen ya fitar a 1960. Idan sakamakon kappa, wanda 1 ke nufin cikakkiyar daidaituwa, bai kai 0.61 ba, ma'aunin ne ke bukatar gyara kafin a ci gaba.

Mataki na biyu shi ne hira, kuma a ganina nan ne aikin yake. Alƙaluman ne za su nuna wa za a tambaya: masu kundayen da suka fi maki, waɗanda suka gaza, da malamansu. A ce babin hanyar bincike ya yi rauni a kundaye da yawa. Lamba ba ta san dalili ba, amma ɗalibin da ya yi niyyar zuwa ƙauyukan jihar Tawa zai iya cewa kuɗin tafiya ne suka ƙare, ko matsalar tsaro ta sa ya rage garuruwan. A bar shi ya yi magana da Hausa ko Zabarmanci idan ya fi sakewa, a nemi izininsa kafin a naɗi murya, kuma kada malaminsa ya kasance a wurin.

Daga ƙarshe a zana jadawali guda, makin kowane ma'auni a gefe, abin da aka ji a hira a gabansa. Inda suka saɓa, a koma wa kundin da rahotannin da masu tantancewa suka rubuta kafin ranar karewa, a sake karantawa shafi bayan shafi.