Yadda za ka zaga Louvre ba tare da ka wahalar da ƙafarka a banza ba

Idan Allah Ya kai ka Paris kana son shiga gidan tarihin Louvre, tun daga gida ka cire rai da ganin komai. Kayan da aka baje a ciki sun kai wajen 35,000, yini ɗaya ba zai yi ba ko da gudu kake. Ka sayi tikiti a intanet ka zaɓi lokacinka, kuma kar ka je ranar Talata, a rufe yake. Jirgin ƙarƙashin ƙasa, wato Metro, layi na 1 ko na 7 zai sauke ka a tashar Palais Royal.

Da ka shiga ta dalar gilashin nan da aka gama a 1989, kar ka bi ayarin masu rububin ganin zanen Mona Lisa tukuna. Nufi ɓangaren Sully ka gangara ƙasa. Can za ka tarar da tushen ganuwa, manyan duwatsu, har kana tafiya cikin ramin da ya kewaye ta, domin asali wurin sansanin tsaro ne da Sarki Philippe Auguste ya gina wajen 1190. Daga baya ya zama fada, sai Louis na 14 ya kwashe fadawansa ya koma Versailles a 1682. A lokacin juyin juya halin Faransa aka buɗe shi ga talakawa ranar 10 ga Agusta 1793, da zane-zanen gidan sarauta da waɗanda aka ƙwace daga coci-coci.

To daga nan duk abin da ka tsaya gabansa ka tambayi kanka, ya aka yi ya zo nan? Mona Lisa dai Sarki François na 1 ne ya mallake ta bayan Leonardo da Vinci, wanda ya zana ta, ya koma Faransa da zama. 'Yar ƙarama ce fa, a bayan gilashi, ga wayoyi sama ko'ina, ka kalla ka juya bayanka. Ƙaton zanen bikin aure da ke fuskantar ta, na mai zane Veronese, sojojin Napoleon ne suka ciro shi daga Venice a 1797 kuma har yau ba a mayar ba. Ni a ganina ya fi ta cancantar a tsaya masa, amma mutane ko kallo bai ishe su ba.

Ka rage ƙarfi don sashen fasahar Musulunci da aka buɗe a 2012, nan ba cunkoso sosai. Nemi ɗan akwatin hauren giwa na al-Mughira da aka sassaƙa a Andalus a 968, ka matso ka ga sassaƙar da kyau. Akwai kuma wata tasar tagulla ta zamanin sarakunan Mamluk na Masar, aikin Muhammad ibn al-Zayn, wadda a ciki aka riƙa yi wa 'ya'yan sarakunan Faransa baftisma.

In da sauran numfashi, ka leƙa ɓangaren Richelieu ka ga dutsen dokokin Hammurabi, sarkin Babila. Ka sa takalmi mai taushi, matakala sun yi yawa.