Neman Dangi a Shafukan Salsala: Inda Ake Yawan Tuntuɓe da Yadda Za a Gyara

Ƙanen kakana ya bar gida a ƙasa da niyyar sauke farali tun mahaifina bai yi wayo ba, kuma bai dawo ba. Abin da ya rage a hannunmu shi ne wasiƙa guda ta ajami da wani alhaji ya kawo bayan shekaru, a ciki ya ce ya tsaya noma a Sudan don ya tara guzuri, ya yi aure, an haifa masa ɗa namiji. Daga nan sai shiru. Wannan wasiƙa ce ta kai ni shafukan intanet da ake gina salsalar dangi a cikinsu, na shafe shekara uku ina faɗi ina tashi. Kurakuran da zan kawo a nan na yi wasunsu da hannuna, wasu kuma na gani a wajen 'yan uwa da abokai da suka nemi in duba musu nasu.

Na farko yana faruwa tun kafin a danna komai: mutum ya shiga da tsammanin sunan kakansa na nan a ajiye yana jiransa. Manyan shafukan nan an gina su ne a kan takardun Turai da Amurka, wato rajistar coci, da jerin fasinjojin jiragen ruwa, da ƙidayar jama'a. Amurka tana ƙidaya duk shekara goma tun 1790, kuma tana buɗe sunayen da ke ciki bayan shekara 72. Mu kuwa a Nijeriya sai a 1979 aka fara kafa dokar da ta wajabta rajistar haihuwa da mutuwa a duk faɗin ƙasa, kakanninmu kuma unguwarzoma ce ta yanke musu cibiya a ɗaki. Shi ya sa idan ka rubuta sunan kakanka, ko dai ka ga wayam, ko a jero maka dubban mutanen da ba ka haɗa komai da su ba. Da yawa a nan suke karaya. Gyaran shi ne ka sauya niyya. Ka ɗauki shafin a matsayin kundin da kai ne za ka cika shi, kuma allon da ka kafa a bakin hanya don wanda ke neman gidanku daga can ya gani. Kayan cika shi suna wurin tsofaffin gida, musamman mata, domin su ne suka san wa ya auri wa, wa ya fita, wa ya rasu a goyo. Ka je da wayarka ka naɗi muryarsu da izininsu, ka koma sau biyu, sau uku, don abin da aka manta yau yakan faɗo gobe.

Yana da kyau kuma ka san shafin da kake shiga. FamilySearch kyauta ne, mallakar cocin da aka fi sani da Mormon a jihar Utah, wanda ya fara tara salsala tun 1894 saboda aƙidarsa ta yi wa kakannin mabiyansa da suka mutu baftisma. Kowa na iya amfani da shi, amma gara ka san wannan tun farko ka yanke wa kanka hukunci. Bishiyar salsalarsa guda ce ta kowa da kowa, ma'ana wani na iya gyara abin da ka rubuta a kan mamaci. WikiTree ma haka tsarinsa yake. A Ancestry da MyHeritage kuwa kowa da tasa bishiyar, kuma yawancin takardun sai ka biya kuɗi.

Inda aka fi zubewa shi ne suna, kuma a nan zan ɗan daɗe. Shafin zai ba ka gurbi biyu, na sunanka da na sunan da dangi ke gada kaka da kakanni. Mu ba mu da wannan na biyun. Ɗa yana ɗaukar sunan ubansa, jika ya ɗauki na nasa uban, saboda haka sunan ƙarshe yana sauyawa a kowane hawa. Wasu ma sunan garinsu aka liƙa musu a makaranta, kamar yadda aka yi wa Malam Aminu Kano da Alhaji Shehu Shagari da Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa. Wanda ya ɗauka duk mai amsa sunan gari ɗaya danginsa ne, ya haɗa kansa da rabin garin. Na ga wanda ya sa wa kakansa da kakan kakansa sunan ƙarshen da shi yake amfani da shi a katin shaida, alhali ba a taɓa kiran ɗayansu da shi ba. Duk wanda ke nemansu daga wani reshe ba zai taɓa cin karo da su ba. Ka rubuta kowa da sunan da aka kira shi da shi a zamaninsa, sannan sunan ubansa.

Sai kuma batun sunan yanka da laƙabi. Mutum ya rayu shekara saba'in ana ce masa Ɗanladi ko Bala ko Tanko, ba wanda ya san sunan da liman ya raɗa masa sai 'yan uwansa na ciki ɗaya. Wanda aka mayar wa sunan kaka ana ɓoye sunan, a ce Abba ko Ummi. Da na tambayi gwaggona sunan mijinta na fari, sai ta kawar da kai ta ce, "Ɗan nan, Malam dai. Je ka tambayi baffanka." Alkunya ce, kuma ba a matsa wa tsohuwa a kanta. Na je wurin baffa na samo. Kusan kowane shafi yana da gurbin ƙarin sunaye, ka zuba su duka a can, domin danginka na nesa wataƙila laƙabin kaɗai suka riƙe.

Rubutun sunan ma yana raba 'yan uwa. Usman ɗinmu Ousmane ne a Nijar, Yusuf ya koma Issoufou, Abubakar ya koma Aboubacar. A zangunan Ghana za ka ga Husaini ya zama Fuseini, Sa'idu ya zama Seidu, Idrisu ya zama Iddrisu. Muhammadu kaɗai yana iya fitowa a Mamman, Mohammed ko Mahamadou. A Sudan da Saudiyya da haruffan Larabci za a rubuta, sau da yawa a ƙara Hausawi ko Fallata ko Barnawi a ƙarshe. Na yi wata shida ina neman ƙanen kakana da boko kaɗai kafin hankalina ya ba ni cewa jikokinsa ba da boko suke rubutu ba. Ka gwada kowane salo, ka kuma gwada da ƙugiya da babu ƙugiya, don mai rubuta Ɗanjuma da mai rubuta Danjuma ba lallai na'ura ta gane mutum ɗaya suke nufi ba.

Shekarun haihuwa su ma ana yi musu ƙarya ba da gangan ba. Gurbin yana nan a buɗe, sai mutum ya ga bai kamata ya bar shi haka ba, ya sa 1 ga Janairu da wata shekara da ya ƙiyasta, ko ya kwafo daga takardar rantsuwar shekaru da kowa ya san an rage don aiki. Na'urar shafin da shekara take auna wa ya dace da wa, idan ka ba ta ƙarya za ta kawo maka baƙi. Akwai damar rubuta "wajen shekara kaza", ka yi amfani da ita. Hanyar ƙiyasi mai kyau ita ce ta tsofaffi, wato jingina da abin da ya faru. Wadda ta ce an yaye ta shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo Kaduna, 1956 take nufi. Wanda aka yi wa aure shekarar da aka kashe Sardauna, 1966 ce. Komawa tuƙin hannun dama 1972, fitowar naira 1973, isowar jirgin ƙasa Kano 1911. Idan an ce zamanin Sarki Alhaji ne, wato Sarkin Kano Abdullahi Bayero, to tsakanin 1926 da 1953 ke nan. Ka rubuta shekarar, a ƙasa ka rubuta wanda ya faɗa maka da abin da ya jingina da shi. Haka wuri: ka sa sunan da ake kiransa a lokacin da na yanzu. Mai tafiya Makka a ƙasa ya bi ta Fort Lamy ne, sai a 1973 ta zama N'Djamena. Wanda aka haifa a Haɗeja kafin 1991 takardunsa na makaranta ba za su ce Jigawa ba.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne na gaggawar amincewa. Wata rana wani shafi ya nuna mini mutum mai sunan ƙanen kakana da sunan ubansa, an ce ya rasu a Sudan. Jikina na rawa na danna amincewa, mutum sama da arba'in suka shigo bishiyarmu, na kira gida na yi albishir. Bayan mako biyu da na yi magana da mai wancan reshe, sai ya ce kakansu Babarbare ne daga Kukawa. Ban manta yadda fuskar gwaggo ta sauya ba da na koma na ce mata ba shi ba ne. Hanyar gabas ta ɗebi mutane masu ɗimbin yawa, tun hijirar da ta biyo bayan faɗuwar Sakkwato a 1903, lokacin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya wuce da jama'a har suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sennar a Sudan, zuwa waɗanda noman auduga na Jazira ya tsayar. A cikin irin wannan taro, suna biyu su zo ɗaya ba wani abu ba ne. Yanzu ba na haɗa kowa sai abu uku sun dace bayan suna: sunan uwa, unguwa ko ƙauyen da aka taso, da sana'ar gida ko askar fuska. Kuma ina riƙe ɗaya a ciki ban rubuta a fili ba, don in ji shi daga bakin wancan ɓangaren.

Akwai kuskuren da ake yi da kyakkyawar niyya. Yaron da aka ba riƙo, ko agolan da ya tashi a gida, a sa shi ƙarƙashin wanda ya rene shi kamar shi ya haife shi. Ko a tattara 'ya'yan mata uku a jingina wa uwargida saboda ita aka fi sani. Aya ta 5 a Suratul Ahzabi ta ce a kira kowa da ubansa, kuma rubutun da ka yi yau wata rana wani zai ɗauko shi a zaman rabon gado. Shafukan suna ba da damar a nuna iyayen haihuwa daban, masu riƙo daban, a kuma jera matan aure kowace da ɗakinta. Mace a rubuta ta da sunan ubanta, kada a liƙa mata na miji, in ba haka ba an toshe hanyar zuwa danginta gaba ɗaya. 'Yan uwan shan nono a ambace su a gurbin bayani, saboda aure.

Ɗan uwan wannan shi ne jan salsala da ƙarfi har sai ta taɓo gidan sarauta ko gidan Shehu ko Sharifai. Idan a gida an ce haka ne, ka rubuta "ana cewa", ka faɗi mai cewar, ka tsaya inda sunaye suka ƙare. Kada ka cike giɓin hawa uku da sunayen da ka tsinta a bishiyar wani. Idan kuma bincike ya tono abin da gida ke rufewa, kamar tarihin bauta ko wani aure da ba a son tunawa, ka shawarci manya kafin ka baza shi a duniya.

Rayayyu suna da haƙƙi a kanka. Na sha ganin bishiya a buɗe ɗauke da hotunan matan aure da ranar haihuwar yara da sunan uwar kowa, irin tambayoyin da ake tantance mai asusun banki da su. Ka duba saitin sirri kafin ka sa kowa, kuma kada ka danna "ya rasu" a kan wanda ba ka tabbatar ba, domin alamar mutuwa ce ke buɗe bayanan mutum ga jama'a. Gwajin ƙwayoyin halitta na DNA ma a shiga shi da ido biyu. Yana iya nuna ɗan baffa ko ɗan kawu, wanda kuke tarayya a kusan kashi 12 cikin ɗari, amma sai idan shi ma ya yi gwajin kuma bayananku suna a shafi ɗaya, kuma ba zai faɗa maka ƙauyen kakanka ba. A 2023 masu kutse sun kwashi bayanan mutum kusan miliyan bakwai daga kamfanin gwajin DNA na 23andMe. Yawun da ka bayar don gwajin na ɗauke da sirrin 'yan uwanka da ba su ba ka izini ba. Kuma komai ka gina, ka riƙa sauke kwafinsa a fayil ɗin da ake kira GEDCOM, ka buga a takarda ka ajiye wurin babban gida.

Idan Allah ya sa ka dace, saƙon farko ya zama gajere: sallama, ko kai wane ne, wanda kake nema, da tambaya guda. Kada a fara da maganar gado, kada kuma ka tura kuɗi ga wanda bai amsa tambayarka ba, ko da ya kira ka ɗan uwa. Ni na rubuta nawa da Hausa da Larabci na liƙa a ƙarƙashin sunan ƙanen kakana, na bar sana'ar gidanmu ban faɗa ba. Bayan wata takwas wani matashi daga yankin Gadarif na Sudan ya amsa, ya turo muryar kakarsa da wata irin Hausa ta da, tana cewa surukinta ya sha ba su labarin karofin gidansu, kuma har ya rasu farcensa na da shuɗin baba. Na kai wa gwaggo ta saurara sau uku, sannan ta ce a tambayo mata sunan 'yarsa ta fari. Da amsa ta zo, sunan mahaifiyarsa ne ya mayar mata. Yaƙin da ya ɓarke a can a Afrilun 2023 ya sa layi yakan ɗauke na makonni, amma mun riga mun shigar da mutum goma sha tara, kowanne da sunan wanda ya shaide shi a ƙasa.