Babi na 7: Kyautar Hannu da Yaro Zai Yi wa Mahaifiyarsa

Wannan babi na aikin hannu ne, amma akwai ƙirga da rubutu a cikinsa, don haka kada kowa ya ajiye fensirinsa. Yaro ɗan shekara 5 zuwa 10 ne zai yi aikin, ku kuma ku zauna kusa da shi. Uba, kawu, yaya, gwaggo, duk mai zuwa wannan aji zai iya. Idan ke ce uwar yaron, ki sa ya yi wa kakarsa, ita ma ai uwa ce.

Ba sai kun je Kantin Kwari sayen yadi ba. Idan ana gab da Salla teloli suna ɗinki dare da rana, ƙyallaye na taruwa a gindin keke. Ku roƙi telan unguwarku ya tara muku, da wuya ya hana.

Darasi na 1: Mafici

Ku tanadi kwali mai kauri, irin na taliya ko na sabulu, da ƙyallen atamfa, da karan dawa, da zare, da almakashi, da fensir, da rula. Rula ita ce doguwar robar nan mai lambobi da ’yan makaranta suke ja layi da ita. Ku nemi babbar, mai kaiwa 30. Ta cikin akwatin lissafi 15 kawai take kaiwa, ta yi mana gajarta.

Ku ɗauki rular ku duba ta da kyau. Yawancinsu gefe biyu gare su. Gefen da lambobinsa suka tsaya a 12, inci ne, irin awon da tela yake yi. Gefen da ya kai 30, santimita ne. Da shi za mu yi aiki, gefen da lambobinsa suka matsu da juna.

Yanzu ku sa yatsa a farkon rular. Kafin lamba 1 akwai wani dogon layi, a wasu ruloli an rubuta 0 a kansa, wato sifili. Daga nan awo yake farawa. Ba daga bakin robar ba, domin akwai ɗan fili tsakanin bakin da layin. Ba daga 1 ba kuma. Daga sifili.

Na san abin da ke kawo ruɗanin. Tun muna yara da ɗaya muke fara ƙirga, ba wanda ya taɓa ce mana a fara da babu. Ba laifinku ba ne, hannu zai saba. Amma ku gane: idan kun fara daga 1 kuka tsaya a 20, santimita 19 kuka auna.

Ku ɗora sifili daidai bakin kwalin. Yaro ya danne rular da tafin hannu, ku ɗiga alama da fensir a kan 20. Kafin ku ɗaga, ku waiwayi farkon rular. Sifili na nan a bakin kwalin, ko ya zame? Idan ya zame, a goge a sake. Ku juya kwalin ku auna faɗinsa, 20 shi ma, daga sifili. Gefe huɗu, awo huɗu, kowane daga sifili. Ku haɗa alamomin da layi, sannan babba ya yanka. Kwali yana da tauri, ba a ba ƙaramin yaro. Reza kuwa kada ta zo wurin sam.

Sai ƙyalle. Na gaba 24 da 24, don a sami santimita 2 na naɗewa ta kowane gefe. Na baya 19 da 19. Ku shimfiɗa ƙyallen a kan tabarma ko benci, ku miƙar da shi, ku ɗora sifili a bakinsa. Ku tambayi yaron, “Ina sifili?” Sai ya nuna da yatsa za a ci gaba.

Idan babu kuɗin gam, ku dama fulawa cokali 1 da ruwa rabin kofin shayi, ku ɗora a wuta kaɗan kuna juyawa har ta yi kaurin koko. Babba ne zai dafa. A bari ta huce sarai. Ku yi ta yini ɗaya kawai, domin a zafin Kano ba ta jimawa take tsami.

Nan ne rabon yaro. Ya shafa da yatsa, shafi marar kauri har bakin kwalin, ya ɗora ƙyallen gaba, ya lallaɓe daga tsakiya zuwa gefe, ya naɗe bakunan zuwa baya, ya rufe da ƙaramin ƙyallen. Ku danne da wani abu mai nauyi a inuwa har gobe. Idan kun shanya a rana kwalin zai tanƙware.

Mariƙi kuma, kara ne mai tsawon santimita 30. Babba ya tsaga kansa zuwa santimita 10, a zura kwalin cikin tsagin, yaro ya nannaɗe ƙasan tsagin da zare sosai don kada ya ci gaba da tsagewa. A huda kwalin ta gefe biyu na karan, a ɗaure saman shi ma. Wannan 10 ɗin, daga ina za a auna ta? Kun sani.

Duk da haka kowane zango sai an kawo mini mafici mai gefe ɗaya dogo ɗaya gajere, mai shi yana cewa rular ce ba ta da kyau. Rula lafiyarta ƙalau. Gaggawa ce, da kallon waya ana cikin awo. Wasu kuma suna karɓe aikin daga hannun yaron don ya fi kyau. Haba jama’a! In mafici mai kyau ake so, ga su nan jibge a Kasuwar Kurmi na kaba, saƙar gwanaye. Uwa na ɗanta take so, ko da gam ya ɗan leƙo ta gefe. Ku dai ku tsare awo da almakashi.

Darasi na 2: Gwangwanin ajiye allura da zare

Ku nemi gwangwanin madarar gari mai murfin roba. Banda na tumatir da aka buɗe da wuƙa, bakinsa yana yanka. A wanke, a bushe.

Rula ba ta lanƙwasuwa, saboda haka ku zagaya cikin gwangwanin da zare, ku riƙe inda ya haɗu, ku miƙe zaren a kan rula. Bakin zaren a kan sifili. Na sake faɗa, a kan sifili. Idan zaren ya wuce 30, ku riƙe wurin da farce, ku mayar da shi kan sifili, ku auna ragowar ku haɗa lissafin. Ku ƙara 2 don bakunan ƙyallen su hau juna. Ku auna tsayin gwangwanin, ku yanka ƙyalle, yaro ya shafa gam ya naɗa. Fulawa ba ta kama ƙarfe sosai, a nan gam na kanti ya fi.

Darasi na 3: Kati

A ninka farar takarda biyu. A waje yaro ya ɗora tafin hannunsa a zagaye shi da fensir, ya yi masa ado da kala irin zanen lalle. A ciki ya rubuta:

Umma, na gode. Allah ya saka da alheri.

Idan Mama yake kiranta, ko Inna, ya rubuta hakan. Babban baƙi a farko, aya a ƙarshe. Ku fara gwadawa a littafinku.

Darasi na 4: Abin hannu

Duwatsun ado na roba da zaren roba, ana samunsu a Kurmi da Sabon Gari. Zare santimita 22, a zura, a ƙulla sau biyu. A kawar da su daga gaban jariri, yana haɗiyewa.

Aikin gida: kowa ya zo da mafici ɗaya da rularsa ranar aji na gaba. Zan auna gefe huɗun a gabansa.