Kurakuran da aka fi yi wajen tace bayanan binciken lafiyar yara ta waya

Tun da yaƙi ya ɓarke a ranar 15 ga Afrilu 2023, bin gida-gida da takardar tambayoyi ya gagara a wurare da yawa na Sudan, sai aka koma ga waya. Matasanmu na Kassala da Gadarif masu jin Hausa da Larabci sun samu shiga, wasu suna buga waya, wasu suna zaune gaban kwamfuta suna tace abin da aka tattaro. Da ku na gaban kwamfuta nake magana, don na daɗe a kan wannan kujerar, kuma akasarin kurakuran nan ni ma na tafka su.

A fara da lambar waya, tunda ita ce igiyar da ta ɗaure ka da gidan. Ka zuba lambobi a Excel, sifilin farko ya ɓace. Ka sa 249, lambar kiran ƙasar Sudan, a gaba, lambar ta koma wani abu kamar 2.49E+11, in ka adana ta a fayil ɗin CSV a haka, to ta tafi ke nan. Maganin shi ne ka mayar da layin ya zama na rubutu tun kafin ka zuba komai. Sai kuma lambobin Larabci: biyar ɗinsu da'ira ce mai kama da sifilin boko, sifilinsu kuwa ɗigo ne da ido ke iya tsallakewa. Duk takardar da aka cike da hannu, mutum biyu su shigar da ita daban-daban, a gwada.

Kuskuren da ya fi cin mutane a ɓoye shi ne lambobin "ban sani ba". A tsarin MICS, binciken halin yara da mata na gida-gida wanda UNICEF ta fara a 1995 kuma aka yi shi a Sudan a 2014, ana rubuta 98 idan mai amsa ta ce ba ta sani ba. Ita 98 ba ta ɓuya, kowa ya ga yaro ɗan shekara 98 zai tsaya. Amma a tambaya mai gurbin lamba ɗaya tak, 8 ake sawa. Ɗauki tambayar sau nawa yaro ya ci abinci jiya. Yara tara sun ci sau biyu-biyu, na goma kakarsa ce ta ɗauki waya ta ce "wallahi ɗana, ban sani ba, uwarsa ta tafi kasuwa". In ba ka sanar da SPSS, manhajar lissafin bayanai, cewa 8 ba amsa ba ce, matsakaicin zai tashi daga 2 zuwa 2.6, kuma babu abin da zai ja hankalinka. Ka ƙosar da yara a kan takarda alhali cikinsu na kuka. Haka nan gurbin da aka bari fayau ba sifili ba ne. Wataƙila tambayar ce ba ta shafi yaron ba aka tsallake ta.

Shekaru kuwa, nan ne ake zufa. Rukunin 'yan ƙasa da biyar yana nufin wata 0 zuwa 59, ba a ƙara kwana. Iyayenmu mata da watan Musulunci suke lissafi, shekarar Hijira kuma ta gaza ta boko da kusan kwana 11. Yaron da aka haifa a azumin 1441, wato ƙarshen Afrilu 2020, uwarsa za ta ce maka ya cika biyar a azumin 1446, farkon Maris 2025. Ba ƙarya ta yi ba. Amma a lissafin binciken watansa 58, yana cikin rukunin ƙanana, tambayoyin rigakafi da zazzaɓi sun hau kansa. Kada ka karɓi "shekara biyar" kawai. A tambayi wata da shekarar haihuwa, a juya su, kwamfuta ta yi lissafin. Ka kuma zana jadawalin ranakun haihuwa ka duba. In ka ga 1 ga Janairu ta yi tsiri, ba haihuwa ce ta yi yawa ranar ba, takardar ƙiyasin shekaru ce da ake ba wanda ba a yi wa rajista ba.

Maimaici ma yana da nasa tarkon. Za ka ga lamba ɗaya sau uku, da Muhammad da Hauwa a kowane layi, hannunka ya yi ƙaiƙayin gogewa. Dakata. A garuruwa irin Mai Wurno, waya ɗaya tana iya hidimar sassa uku na babban gida, kowane sashe da tukunyarsa, kuma a ma'anar bincike tukunya ce ke raba gida da gida. Sunaye kuwa ba abin dogaro ba ne: Mamman ɗin zagayen farko shi ne Mohamed na zagaye na biyu. Da lambar gida da lambar layin mutum ake haɗa fayiloli, ba da suna ba.

Na taɓa goge gidaje da dama a wani zagaye don wayoyinsu ba sa shiga, na ga fayil ya yi tsaf, na ji daɗi. Shugabarmu ta leƙo ta bayan kafaɗata, ta ce, "Malam, ina mutanen Jazira?" Na yi shiru. Lokacin bai daɗe da faɗuwar Wad Madani, babban birnin jihar Jazira, a Disamba 2023 ba, ga kuma ɗaukewar layukan Zain da MTN da Sudani a Fabrairu 2024. Waɗanda na goge su ne suka gudu, su ne suka fi kowa shiga uku. Waɗanda suka rage a fayil ɗina masu caji ne da kati da rufin kwana. Da an fitar da rahoton a haka, da ya ce yara suna lafiya lau. Abin da ya kamata: kowane kira ya samu lambar sakamakonsa, ko a kashe take, ko ta yi ringi ba a ɗauka ba, ko an ƙi amsawa, ko lambar ta koma hannun wani. Daga nan masu lissafi za su gyara nauyin da ake ba kowane gida a lissafi, a kuma faɗa a fili cewa marasa waya ba sa ciki. Gidan da ya yi ƙaura daga Madani zuwa Gadarif kada ka shafe tsohuwar jiharsa, buɗe sabon gurbi ka rubuta inda yake yanzu.

Idan amsa ta saɓa wa hankali, misali jaririyar wata uku da aka rubuta tana aji biyu, kada ka gyara da ka. Mayar wa mai kira ya sake bugawa. Fayil na asali kuma ba a taɓa shi. A kwafi ake aiki, kowane gyara a rubuta shi cikin umarnin SPSS yadda wani zai iya bin sawunka.

Fayil mai ɗauke da sunaye da lambobi ba ya hawa WhatsApp, ko da shugaba ne ya ce a turo da gaggawa. Cire sunan, cire lambar, ajiye su daban da kalmar sirri, ka tura sauran.