Bayan sallama daga asibiti: kurakuran da ke mayar da mara lafiya gadon da ya baro

Idan likita a Garwa ko Marwa, a arewacin Kamaru, ya sa hannu a takardar sallama, abin da yake nufi shi ne sauran jinyar za a iya yin ta a gida. Iyalai da dama kuwa suna ɗaukar ta a matsayin shaidar warkewa, a naɗe tabarma, a haɗa kwanuka, a yi hamdala. A makonni biyun farko ne aka fi samun ɓarna, kuma yawancinta ana iya kauce mata.

Kuskuren farko a bakin ƙofar ɗakin jinya ake yin sa. Wanda ya zo biyan kuɗi shi ke karɓar bayani, galibi maigida ko babban wa, alhali matar da za ta kwana da mara lafiya tana waje tana ɗaure kaya. Ga takardar magani, ordonans, da Faransanci aka rubuta ta. Gyaran shi ne mai jinyar da kanta ta tsaya gaban ma'aikacin lafiya, a yi mata bayani da Hausa ko Fulatanci, sannan ta maimaita da bakinta. Kada a fita sai an san sunan ciwon, da ranar komawa, da ranar cire zare, da maganin da aka dakatar cikin waɗanda yake sha tun kafin a kwantar da shi. A sa a rubuta duk wannan a cikin karne, wato littafin asibitin mara lafiya, a adana shi tare da hoton ƙirji da sakamakon gwaji a leda ɗaya.

Magani

"Sau uku a rana" na nufin duk bayan awa 8: ƙarfe 6 na safe, 2 na rana, 10 na dare. Masu haɗa shi da karin kumallo da abincin rana da tuwon dare suna cusa ƙwayoyin cikin awa 12, sauran daren kuma jini babu magani. Ga wadda ba ta karatu, a ɗaure mata shi da lokutan salla: bayan asuba, bayan azahar, sai lokacin kwanciya, a yi zane a jikin kwalin.

Akwai haɗarin da mutane ba su sani ba game da farasitamol. Doliprane da Efferalgan duk shi ne, akwai shi kuma a cikin Fervex na mura. Sai a ga an ba mutum uku tare, ana zaton magunguna daban-daban ne. Babba kada ya wuce giram 4 a awa 24, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500, tsoho ko mai ciwon hanta kuma ƙasa da haka. Wuce wannan iyaka na lalata hanta ba tare da an ga alama da wuri ba.

Wanda aka yi wa allurar zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, dole ya cika da ƙwayoyi na kwana 3. Coartem, ɗaya daga cikin irin waɗannan ƙwayoyi, sau 6 ake shan sa, kuma da abinci mai maiƙo ko madara ya fi shiga jiki. Maganin hawan jini ba a barin sa don kai ya daina ciwo. Idan kuɗi bai kai a sayi duka ba, a faɗa wa likita kafin a fita, ya nuna wanda ba ya jira, ko ya rubuta mai arha irinsa. Wannan ya fi a je wurin mai tebur a kasuwa, inda kwali ke yini cikin ranar Maris da Afrilu mai wuce digiri 40. Allurar insulin ta masu ciwon sukari ma zafi ke kashe ƙarfinta. Gidan da babu firji, a sa ta a kwalba mai murfi, a binne cikin jiƙaƙƙen yashi a tukunyar ƙasa, a inuwa.

Wanda ba ya iya tashi

Nan ne aikin ya fi nauyi, nan ne kuma ƙauna kan jawo kuskure. Mai shanyewar ɓarin jiki sau da yawa haɗiyarsa ta raunana. Idan aka ɗura masa kunu yana kwance rigingine don tausayin bai ci komai ba, kunun na iya bin hanyar numfashi, bayan kwana biyu ko uku zazzaɓi da ciwon huhu su biyo. A zaunar da shi tsaye a tokare da matashi, haɓarsa ta ɗan sunkuya, a ba shi da ƙaramin cokali, a jira ya haɗiye kafin a ƙara. Kunu mai kauri ya fi ruwa zalla sauƙin haɗiya. Bayan ya gama ya zauna minti 30. Tari ko sauyin murya yayin ci alama ce ta a tsaya a koma wa likita. Kada kuma a ɗaga shi da hannun da ya mutu, kafaɗar na iya gocewa. A tallafe shi ta ƙirji da ƙugu.

Gyambon kwanciya cikin 'yan awoyi yake somawa. A juya mara lafiya duk bayan awa 2, har da dare, a sa matashi tsakanin gwiwoyinsa, a ɗage diddigensa daga katifa. Kullum a duba gindin baya, da kwatangwalo, da diddige. A baƙar fata ba lalle a ga ja ba: wurin kan yi duhu, ko sheƙi, ko zafi fiye da gefensa. Kada a murza shi, a dai ɗauke masa nauyi. Ledar da ake shimfiɗawa saboda fitsari a rufe ta da zanen auduga busasshe, don gumi a kan leda na dafa fata. Mai robar fitsari, jakar ta kasance ƙasa da mararsa ko da yaushe, amma kada ta taɓa daɓen ɗaki, a zubar kafin ta cika.

Mutum ɗaya ba zai iya wannan dare da rana ba. Barin komai a kan amarya ko 'yar yarinya kuskure ne. A raba kwana tsakanin mutum biyu ko uku, amma mutum ɗaya tak ke riƙe da magani, don kada a ba shi sau biyu. A tambayi cibiyar lafiya ta unguwa ko akwai ma'aikacin da zai riƙa zuwa wankin ciwo da allura, a daidaita kuɗin tun farko.

Ɗinki da jego

Ciwon tiyata ba a sa masa toka, ko man shanu, ko garin kafso. A wanke hannu da sabulu kafin a taɓa shi, a bar shi a bushe. Wanda aka yi wa aiki a ciki kada ya ja guga ko ya ɗauki jarka har mako 6, amma ya riƙa takawa a tsakar gida, domin dogon kwanciya na daskarar da jini a ƙafa.

Mai jego kuma, muna roƙon iyaye mata su sassauta. Kunun kanwa mai yawa da wankan tafasasshen ruwa suna ɗora wa zuciya nauyi, musamman ga wadda jininta ya hau lokacin goyon ciki. Wadda ke da cek sante, wato takardar tallafin kula da lafiyar masu ciki, ta tuna cewa yana ɗaukar kulawar uwa da jariri har kwana 42 bayan haihuwa, kada ta fasa komawa awo don tsoron kuɗi.

'Yan dubiya lada suke nema, amma ɗaki cike da mutane na hana barci. A sa musu lokaci, bayan la'asar misali. Mai tari ya yi gaisuwa daga ƙofa, duk jiƙon da aka kawo kuma a nuna wa likita kafin a sha.

Abubuwan da ba a jiran wayewar gari a kansu: zazzaɓin da ya kai digiri 38, mugunya ko wari daga ɗinki, numfashi da ƙyar, ciwon ƙirji, kumburin ƙafa ɗaya, jini mai jiƙa ƙunzugu cikin awa ɗaya, ruɗewa, karkacewar baki, farfaɗiya, ko fitsari ya ɗauke. Tun ranar sallama a riƙe lambar mai mota, a ware kuɗin mai, domin mai ɗinki a ciki ba a ɗora shi a babur. Mazauna ƙauyukan kogin Logon da na bayan mayo, wato ƙetaren rafi, idan sallamar ta faɗo a Agusta ko Satumba, lokacin da ruwa kan yanke hanya, gara su sauka gidan 'yan'uwa a gari har a cire zare.