Yadda ake gyaran filin hawan doki da manjagarar tarakta ba tare da an ɓata daɓen ƙasa ba

Yawancin direbobin tarakta da ake samu a Damagaram a gona suka koyi aiki, kuma a gona ana yaba wa direba ne idan garmarsa ta nutse ta juyo ƙasa. Wannan sabo da suka yi shi ne ke kashe filayen horar da dawaki. Filin da aka gina da kyau hawa biyu ne: akwai daɓe mai tauri a ƙasa, galibi na burji da aka jiƙa aka danne, sannan akwai yashi a kansa mai kaurin santimita 5 zuwa 8, wanda kofato ke taka. Aikin manjagara ya tsaya a cikin yashin. Ranar da haƙoranta suka karce daɓen, tsakuwa za ta fara fitowa sama, ruwa ya sami wurin kwanciya da damina, kuma babu gyaran da ya rage sai a kwashe yashin duka a sake daɓe.

Kafin tarakta ta shiga, a tura yara su tsince kashin doki, leda, duwatsu da ƙaya, musamman ƙarangiya da tsidau da ke tsirowa a gefen shinge bayan damina. Kashin doki da aka bari manjagara ta niƙe yakan bushe ya zama ƙura mai laushi da hunturu, da damina kuma ya sa wurin santsi. Bayan haka sai a ɗauki shebur da manjagarar hannu a janyo tudun yashin da ya taru a jikin shinge da cikin kusurwoyi, a mayar da shi cikin kwarin da dawaki suka yi wajen zagaye. Tarakta ba ta isa nan, kuma direban da ya nace sai ya isa da ita, shingen zai karya.

Sai awo. A samo sandar ƙarfe siririya, a yi mata zane kowane santimita, a caka ta cikin yashi har ta tsaya a kan daɓe. A yi haka a bakin ƙofa, a kan hanyar zagaye, a kusurwoyi huɗu, a tsakiya, da kuma wurin da mahaya ke ja wa doki linzami ya tsaya tsayuwar gaggawa, domin masu shirin hawan salla suna maimaita wannan tsayuwar a wuri ɗaya har yashin wurin ya koma gefe. Wurin da yashi ya fi ƙaranci shi ne ma'auni: haƙora su tsaya santimita 1 zuwa 2 sama da daɓe a nan. Idan aka tarar wani wuri santimita 3 ne wani kuma 12, to ba ranar manjagara ba ce, a fara kwasar yashi da baro daga inda ya yi yawa zuwa inda ya ƙare. Yashin da ya zarce santimita 10 yana riƙe kofato ya gajiyar da jijiyoyin bayan ƙafa, wanda bai kai 4 ba kuma bugun daɓe yana hawa kai tsaye zuwa gaɓoɓi.

Daidaita zurfin haƙora shi ne matakin da sababbin hannu ke faɗuwa a kansa, don haka a yi shi a wajen fili, a kan siminti ko ƙasa mai tauri da ta miƙe. A ɗaura manjagarar a maɗaurin bayan tarakta mai hannu uku, wato hannaye biyu na ƙasa da sandar sama mai zare. Idan manjagarar tana da tayoyin kanta ko gangar ƙarfe mai birgima a baya, a sa katako mai kaurin zurfin da ake so a ƙarƙashinsu da ƙarƙashin tayoyin tarakta, sannan a sauke haƙoran har su taɓa simintin, a ɗaure su a nan. Tunda ganga takan nutse kaɗan a cikin yashi, gara katakon ya gaza zurfin da ake nema da kamar santimita 1. Daga nan a koma bayan tarakta a duba ko gefen hagu da na dama sun yi daidai, in ba su yi ba a murza madaidaicin da ke kan hannun dama. Sannan a duba ta gefe: gajarta sandar sama yana sa haƙoran gaba su nutse, tsawaita ta kuma yana ɗaga su ya ɗora nauyi a kan na baya. Abin da ake so shi ne layin gaba da na baya su shiga zurfi ɗaya, kuma rabin juyi na sandar ya isa ya sauya aikin, saboda haka a murza kaɗan kaɗan.

Akwai wani abu da direban gona ba zai tuna ba sai an faɗa masa. Taraktoci irin su Massey Ferguson suna da hannu biyu na ɗaga kaya, wato liba biyu da direba ke ja, a gefen dama na kujera: ɗaya yana riƙe kayan aiki a tsayin da aka ajiye shi, ɗayan yana ɗagawa da saukewa da kansa gwargwadon taurin ƙasa. Na biyun na huɗa ne. A filin doki, idan aka bar shi yana aiki, manjagara za ta riƙa nutsewa a wuri mai laushi tana tashi a wuri mai tauri, wanda shi ne akasin abin da ake nema, kuma bayan mako biyu filin zai cika da tudu da kwari. A yi aiki da na farkon kawai, a ɗaure ɗan maƙallin da ke kan hanyarsa a daidai zurfin da aka zaɓa, yadda hannun zai tsaya a wuri ɗaya duk lokacin da aka sauke. Sarƙoƙin gefe da ke riƙe hannayen ƙasa kuma a bar musu ɗan sako, yadda manjagara za ta bi tarakta a kwana maimakon ta share yashi gefe.

Gwajin farko mita 10 ne kawai. A tsaya, a sauko, a share yashi da hannu har a ga daɓe. Idan akwai zanen haƙori a kansa, ko jan burji ya gauraya da yashi, ko an ji ƙarar ƙarfe a kan tsakuwa lokacin tafiya, a ɗaga haƙoran a sake gwadawa. Mai fili ya tsaya a wurin da kansa a wannan gwajin, kada ya bar wa direba hukunci.

Busasshen yashi ba a ja masa manjagara. A garin da ruwan samansa bai cika wuce milimita 400 a shekara ba, kuma kusan dukkansa tsakanin Yuli da Satumba, wannan doka tana da tsada, amma jan manjagara a busasshe yana tashin ƙura, iskar hunturu ta kwashe ɓarɓashin da ke haɗa yashi, a bar wanda ke zamewa a ƙarƙashin kofato. Lissafin ruwan mai sauƙi ne: fili mai mita 20 da 60 murabba'in mita 1,200 ne, kowane milimita ɗaya na ruwa lita 1,200 ke nan, yayyafin milimita 3 kuwa lita 3,600, wato ganga 18 masu lita 200. Wanda ke sayen ruwa a kura ya yi yayyafin bayan magariba, ya ja manjagara da asuba, domin ruwan da aka zuba da rana a watan Afrilu ko Mayu rabinsa rana ce za ta sha. Gwajin danshi shi ne a dunƙula yashi a hannu: ya riƙe siffarsa, ya wargaje idan an taɓa shi da yatsa. In ruwa bai isa fili duka ba, a ba hanyar zagaye da kusurwoyi. Kuma wanda zai ƙara yashi ya nemi na ƙorama mai kaushi, yashin tudu da iska ta tara ya cika laushi, ba ya kama juna ko an jiƙa shi.

Tafiyar kanta ba ta da wuya. A sa ƙaramin giya, kilomita 5 zuwa 8 a awa, gudun da ya wuce haka yana sa manjagara tsalle ta bar gargada. A fara motsi kafin a sauke haƙora, a ɗaga su kafin a tsaya, in ba haka ba kowace tsayuwa za ta bar tarin yashi. A zagaya gefen shinge sau biyu, sannan a shiga tsakiya, kowane layi ya hau kan na baya da kamar kashi ɗaya cikin uku na faɗin manjagara, kuma a yi kwana mai faɗi domin kwana mai tsanani tana sa tayar ciki ta haƙa rami. Manjagarar da ba ta kai faɗin tayoyin baya ba ba ta da amfani a nan, tunda sawun taya zai rage a fili. Kada a bi hanya ɗaya kullum: yau a tsaye, gobe a karkace daga kusurwa zuwa kusurwa, jibi a zagaye daga tsakiya zuwa gefe, kuma a riƙa sauya hannun da ake juyawa. Bin karkace shi ne ke yanke tudu da kwarin da suka fara fitowa.

Filin da ake hawa kullum ba ya bukatar haƙora kullum. Sau ɗaya ko biyu a mako ya isa, sauran ranakun a ja ragar ƙarfe da aka ɗora wa tsofaffin tayoyi biyu, wadda kowane mai walda a gari zai iya haɗawa, kuma ko babur mai ƙafa uku zai ja ta. Bayan ruwan sama mai ƙarfi a jira har sai takun mutum ya daina tara ruwa, domin nauyin tarakta a kan jiƙaƙƙen burji yana lotsa shi. Ƙofar da tarakta ke fita a gyara ta da manjagarar hannu. Haƙora suna cinyewa a yashi, na gefe da na tsakiya ba daidai ba, don haka duk wata a mayar da manjagarar kan siminti a sake dubawa, a kuma maimaita awon sandar ƙarfe a wuraren da aka auna da farko.